AMSAR WASIƘUNKU: Shin In Sayar Da Masarata In Biya Wa Ɗana Kuɗin Satifiket Ɗin Scrum?

 Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma duk sun haɗu a kan magana guda, saboda haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma ta farkon ita za ta ci mana mafi yawan lokaci, don ita ce ta shafi rumbu.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bakori ta jihar Katsina, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ya ce a taƙaice. Yana da ɗa wanda ya gama difloma a fannin kwamfuta shekara biyu da suka wuce, yana zaune a Kaduna wurin kawunsa, har yanzu bai sami aiki ba. Da aka cire amfanin gona sai yaron ya zo gida ya ce akwai wani kwas na kwana biyu da ake kira Agile, wasu kuma su ce Scrum, wanda in ya yi shi za a ba shi satifiket daga Amurka, kuma wai da wannan takarda kamfanonin ƙasashen waje za su ɗauke shi aiki yana zaune a ɗakinsa, a riƙa biyansa da dala. Kuɗin da ake nema kuwa, in ji Malam, sai ya sayar da kusan rabin masarar da ya samu bana. Tambayarsa biyu ce. Abin nan gaskiya ne ko damfara? Sa'an nan, ya sayar ko kada ya sayar?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Amsar ta farko ita ce abin gaskiya ne, akwai shi a duniya, kuma akwai masu cin abinci da shi. Amsar ta biyu kuwa, kada ka taɓa masarar nan tukuna. Ka gyara zama in gaya maka dalili.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Wayar da ke aljihunka, da 'yar na'urar nan ta POS da yara ke cire maka kuɗi da ita ranar kasuwa, da na'urar da ke duba yatsanka ranar zaɓe, duk ƙarfe ne da roba kawai in ba don umarnin da aka rubuta aka zuba musu a ciki ba. Wannan umarni shi ake kira manhaja. Mutane ne ke zama su rubuta shi layi bayan layi, da waɗansu harsuna na musamman da na'ura ke ganewa, irin su Python da Java da JavaScript. Sana'a ce kamar ƙira ko ɗinki, kuma kamar su ɗin, ba a koyonta a mako guda. Ita ce sana'ar da ɗanka ya nufa.

A da can, idan gwamnati ko banki na son a rubuta musu babbar manhaja, sai a zauna a zayyana duk abin da ake bukata a takarda, wani lokaci shafi ɗari-ɗari, a sa hannu a kan kwangila, sa'an nan masu aikin su shige ɗaki su ja ƙofa, shekara biyu ko uku ba a ganin komai. Ranar da suka fito da kaya, sau da yawa sai a tarar abin da mai kuɗi yake nufi daban, abin da aka yi daban, ko kuma a cikin shekarun nan bukatarsa ma ta sake. Ka san telan nan da za ka kai wa shadda tun farkon azumi, ya gwada ka sau ɗaya, ba za ka sake ganin rigarka ba sai daren salla, ka sa ka ji wuya ya shaƙe ka, ga shi an riga an yanka yadi? To haka abin yake, sai dai a nan yadin na miliyoyin daloli ne. Hukumar binciken nan ta Amurka da ake kira FBI ta sha wannan ɗaci. Ta ba da aikin wata manhaja ta adana bayanan shari'o'inta, aka kashe kimanin dala miliyan 170, a shekarar 2005 aka watsar da aikin baki ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Da aka sake sabon aiki shi ma ya fara jan ƙafa, sai a 2010 hukumar ta karɓe shi ta ba wata 'yar ƙaramar ƙungiya a cikin gida, suka riƙa yi kaɗan-kaɗan suna nunawa, aka kammala a 2012.

Irin wannan ɓacin rai ne ya sa a watan Fabrairu na 2001 waɗansu gogaggun masu rubuta manhaja su 17 suka taru a wani wurin shaƙatawa da ake kira Snowbird, a kan duwatsun jihar Yuta ta Amurka. Cikinsu akwai Kent Beck da Martin Fowler da Ron Jeffries da Ken Schwaber da Jeff Sutherland. Suka yi kwana uku suna muhawara, suka fito da wata 'yar gajeriyar sanarwa wadda ainihinta bai kai kalma ɗari ba, da ƙa'idoji 12 a bayanta. Abin da ta ƙunsa shi ne, mutanen da ke aikin da yadda suke fahimtar juna sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci, manhajar da ke aiki ta fi tarin takardun bayani, zama da mai kaya ana shawara ya fi jayayya a kan abin da kwangila ta ce, kuma idan hali ya sake a bi halin, kada a kafe a kan tsarin da aka zana tun farko. Suka raɗa wa wannan hanya suna Agile, ana furta shi ajayil, ma'anarsa dai mai zafin nama, mai saurin juyawa.

Kai Malam, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Wane ne a ƙauye yake jira sai ya tara kuɗin gida mai ɗaki shida kafin ya fara gini? Ɗaki guda kake tayarwa ka rufa shi ka shiga. Ka kwana a ciki damina guda, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka ga ta inda iska ke bugowa, sa'an nan da kaka ta zagayo ka san inda za ka sa na biyu da inda ƙofarsa za ta duba. Turawan nan sai da suka yi asarar dukiya mai yawa kafin suka gano abin da maginin ƙauyenku ya gada.

To ina Scrum ya shigo? Agile ra'ayi ne, shi kuwa Scrum ɗaya ne daga cikin hanyoyin da ake bi a aikata ra'ayin, kuma shi ne ya fi bazuwa. Biyu daga cikin mutanen can, Schwaber da Sutherland, su suka tsara shi, suka gabatar da shi a wani taro a 1995, wato tun kafin zaman Snowbird. Sunan ma aro ne daga wasan ƙwallon zari-ruga, lokacin da 'yan wasa ke haɗa kafaɗa su dunƙule su tura gaba ɗaya. Yadda ake yi shi ne, a haɗa ƙungiya ƙarama, galibi mutum goma ko ƙasa da haka. A yanka aikin zango-zango, kowane zango kada ya wuce wata guda, da yawa ma mako biyu suke yi. A farkon zango a zauna a zaɓi abin da za a iya gamawa. Kowace rana a yi ɗan taro na minti 15, wasu a tsaye suke yinsa don kada wani ya miƙe ƙafa ya fara labari, a duba ina aka kwana, me ya tsaya, wa ke bukatar taimako. A ƙarshen zango a kira masu kaya a nuna musu abin da aka yi yana aiki, su taɓa su faɗi ra'ayinsu. Bayan nan 'yan ƙungiyar su zauna su kaɗai su faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ya tafi daidai da abin da za a gyara. Sai a ɗauki zango na gaba.

A cikin ƙungiyar akwai mutum guda da ke tsayawa a madadin masu kaya, shi ke cewa wannan za a fara, wancan ya jira. Akwai masu aikin rubutun kansu. Sa'an nan akwai wanda ake kira Scrum Master, kuma a nan nake so ka buɗe kunne, don mafi yawan satifiket ɗin da ake tallarsu na wannan matsayi ne. Shi ba manaja ba ne, ba ya ɗaukar kowa aiki, ba ya korar kowa. In ka je gayya, akwai mutumin da zai tabbatar ruwa da fura sun iso bakin gona a kan kari, in fartanyar wani ta karye ya nemo wata, in samari biyu suka fara cacar baki ya shiga tsakani, in mai gona ya zo yana son ƙara wata gonar da ba a yi magana da ita ba ya ja shi gefe ya lallashe shi. To irin aikinsa ke nan. Aiki ne mai amfani, amma ka lura, ba a ba yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba wannan matsayi, don masu noman ba za su saurare shi ba.

Yanzu mu zo kan takardar. Ita waccan sanarwa ta 2001 ba ta ambaci satifiket ko sau ɗaya ba. Daga baya ne ƙungiyoyi suka taso suna ba da horo da shaida, kuma biyu ne suka fi suna. Ta farko ita ce Scrum Alliance, mai ba da takardar da ake kira CSM. Bisa dukkan alamu ita ɗanka yake nufi, don ita ce ke da kwas na kwana biyu. Sharaɗinta sai ka zauna a ajin malamin da ƙungiyar ta amince da shi, ido da ido ko ta intanet, sa'an nan ka yi jarrabawa mai tambaya 50 a cikin awa guda, in ka ci 37 ka haye. Kuɗin malamin nan shi ne abin da ke da nauyi. Daɗin daɗawa, takardar tana mutuwa bayan shekara biyu, sai an sake biyan kuɗi da nuna an ƙaro karatu kafin a sabunta ta. Ina fatan yaron ya gaya maka wannan, don masarar bana kaɗai ba za ta rufe maganar ba.

Ta biyu ita ce Scrum.org, wadda shi Ken Schwaber ya kafa a 2009 bayan ya rabu da ta farkon. Takardarta ta matakin farko sunanta PSM I. A nan ba dole sai ka shiga ajin kowa ba. Ka yi karatunka a gida, ka biya kuɗin jarrabawa kawai, tambaya 80 a cikin awa guda, kuma sai ka ci kashi 85 cikin ɗari. Ta fi waccan tsauri, amma in ka samu ka samu ke nan, ba ta mutuwa. A shekarar 2024 kuɗin jarrabawar dala 200 ne, a shekarar da dala guda ta haura naira 1,500, ka ga lissafi ya tashi sama da naira 300,000. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga manomi, amma bai kai na kwas ba. Farashi kan motsa, saboda haka a duba shafin ƙungiyar a ranar da za a biya.

Ga kuma abin da masu tallar kwas ba su cika son faɗa ba. Littafin da dukkan jarrabawar nan ta dogara a kansa, wanda mutanen nan biyu suka rubuta suka kira Scrum Guide, kyauta ne a intanet. Bugun 2020 shafi goma sha uku ne kacal, bai kai littafin lissafin 'yan aji uku kauri ba. Ita ma Scrum.org ta ajiye jarrabawar gwaji a shafinta, kyauta, mutum ya yi ta maimaitawa sau nawa ya ga dama. Yaron da ya yi difloma, yana jin Turanci, yana da waya, zai iya karance littafin nan tsakanin azahar da la'asar.

To ka ji inda gizo ke saƙar. A kwana biyun nan ba a koya wa kowa rubuta manhaja. Ko layi guda ba a rubutawa a kwas ɗin CSM. Abin da ake koyarwa shi ne yadda mutanen da suka riga suka iya aikin za su tsara kansu. Kamfanin da ke neman mai rubuta manhaja, ko a Legas yake ko a Landan, abin da zai fara tambaya shi ne, nuna mana abin da ka gina. Daga nan su ba shi matsala su ce warware muna kallo. In ya kasa, takardar ba za ta cece shi ba. In kuwa Scrum Master suke nema, za su tambaye shi ƙungiya nawa ya taɓa yi wa aiki, wace rigima ya taɓa sasantawa. Yaron da bai taɓa aiki a ƙungiya ko guda ba, me zai ce? Ni malamin makaranta ne kafin in zo gidan rediyo, takardar koyarwa gare ni, kuma duk wanda ya bi ta wannan hanya ya san ba a ba mu ita sai da aka tura mu aji muka tsaya gaban yara, mai dubawa yana zaune a baya yana rubutu. Takardar da ba ta da irin wannan tsayuwa a bayanta, nauyinta kaɗan ne.

Kuma kasuwar ma ta sauya. A watan Janairu na 2023 wani babban banki a Amurka mai suna Capital One ya soke guraben aiki kimanin 1,100 na masu kula da tsarin Agile, ya ce daga yanzu injiniyoyin da ke rubuta manhajar su za su riƙa ɗaukar wannan nauyi da kansu. Bugu da ƙari, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura kanta tana iya rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sababbin shiga. Wanda ake nema yanzu shi ne wanda zai duba abin da na'urar ta rubuta ya gane inda ta yi shirme. Wannan ido kuwa sai wanda ya daɗe hannunsa a cikin aikin.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara, kuma ba ya bukatar ka iya boko. Ka kira yaron, ba a gaban ƙannensa ba, ka ce ya nuna maka abu guda da ya gina da hannunsa wanda ke aiki. Ka ce ya buɗe a waya ko a kwamfuta ka taɓa. In ya ce ai sai an yi kwas ɗin tukuna, to ka sami amsarka, da sauran tafiya. In ya nuna maka wani abu, ko ɗan ƙarami ne, to madalla, ka ba shi aiki. Ka ce ya yi maka abin da zai riƙe lissafin gonarka, buhun taki nawa ka saya, nawa ka biya 'yan ƙwadago a noman farko da maimai, wa ka ba bashin iri. Ka ce bayan mako biyu ya kawo abin da ya samu, ko bai gama ba. Ka duba, ka ce nan bai yi ba, ni da tiya nake awo, gyara. Bayan wani mako biyun ya sake kawowa. Ka ga kai ka zama mai kaya, shi ya zama mai aiki, kun yi Agile a zaurenka ba ka sayar da ko mudu guda ba. In ya jure wata uku a haka, ka san da gaske yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shi kuma yaron, in yana saurare, ko in an karanta masa wannan shafi, ɗana ga naka. Abin da ka rasa shi ne aiki a cikin mutane, shi za ka nema. Ka haɗa kai da abokanka biyu ko uku da kuka yi makaranta tare, ku ɗauki matsala ta gaske, ta wani mai kemis ko makarantar unguwa ko ƙungiyar manoma, ku yi musu ko da kuɗin kati kawai za su ba ku. Ku ajiye aikin a GitHub, wato rumbun da masu wannan sana'a ke ajiye rubutunsu a intanet inda mai ɗaukar aiki zai iya shiga ya gani. Darussan freeCodeCamp kyauta ne, haka ma kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard ana bin sa ta intanet ba a biya. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani tare da hukumar NITDA, ba a karɓar kuɗin koyo a hannun ɗalibi, sai ka bincika ko ana ɗaukar sababbi a jiharka. In ma mahaifinka zai taimaka da wani abu, kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiya, ko ta hannu ce, da kuɗin data da abin cajin hasken rana, sun fi maka wannan takarda amfani nesa ba kusa ba. Kuma ka tuna masara a kaka ba ta da daraja. Buhun da aka sayar yanzu da araha, shi za a sake saye da tsada a tsakiyar damina lokacin da ƙannenka ke jiran tuwo.

Maganar damfara kuwa, akwai ta, don duk inda aka ce dala sai ƙudaje sun taru. Akwai masu kama ɗaki a gari su buga allo, su karɓi kuɗi, su buga wata takarda mai ado da tambarin zinariya su miƙa wa yaro, alhali ba wata ƙungiya da ta san da zamansu. Gane su ba wuya. Ita Scrum Alliance tana da jerin sunayen malaman da ta amince da su a shafinta, in sunan mai koyarwa ba ya ciki, takardarsa ba CSM ba ce ko me ya rubuta a kai. Jarrabawar gaske a shafin ƙungiyar ake yinta, kuma daga can sakamako ke fitowa. Wanda ya ce kawo kuɗi in rubuta maka jarrabawar, ɓarawo ne, kuma ranar ganawa da masu ɗaukar aiki asiri zai tonu. Wanda kuma ya ce in ka biya tabbas akwai aiki a waje yana jiranka, ka ce ya rubuta ya sa hannu cewa in babu zai mayar da kuɗi. Za ka ga yadda zai sauya zance.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce waɗansu samari sun zo masa za su yi masa manhajar da za ta riƙe lissafin sito da na masu bashi, sun nuna masa takardunsu na Agile, sun ce ya ba da kuɗin gaba ɗaya, bayan wata shida su kawo. Ranka ya daɗe Alhaji, ai da bakinsu suka karya kansu. Wanda ya ce Agile yake yi, sa'an nan ya ce a ba shi wata shida kada a tambaye shi, telan daren salla ne ya sake riga. Kai ɗan kasuwa ne, ba ka cinikin biri a sama. Ka ce za ka biya zango-zango. Mako biyu na farko su kawo abin da zai rubuta shigar buhu da fitarsa kawai, yaron shagonka ya yi aiki da shi a ranar kasuwa mai cunkoso, in ya yi ka biya na wannan, a wuce zuwa lissafin bashi. Ka ware mutum guda daga yaranka wanda ya san sito ciki da waje ya zama shi ke magana da su, kada yau kai ka ce kaza, gobe ɗanka ya ce akasin haka. Ka kuma tambaye su tun yanzu, in babu sabis ko wuta ta ɗauke abin zai yi aiki? In kuka rabu, bayanan cinikinka a hannun wa za su zauna? Wannan ta ƙarshe a rubuta ta a takarda da shaidu. Kada kuma ka jefar da littafin lissafinka sai abin ya yi wata biyu ko uku yana tafiya tare da shi ba su saɓa ba.

Ta uku gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Zariya wadda ta ce shekararta uku tana rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani, tana tambaya wace takarda ta dace da ita. To ƙanwata, ke kam lokacinki ya yi, don kina da abin da za ki jingina takardar a kai. Akwai wadda aka yi musamman don masu rubutu, PSD I ta Scrum.org, ita ma tambaya 80 ce a awa guda, amma tana taɓo ainihin sana'ar, irin su rubuta gwaji kafin a rubuta manhajar da haɗa aikin kowa wuri guda a kai a kai. Scrum Alliance ma tana da tata mai suna CSD, ita sai an shiga aji. Kafin ki taɓa albashinki ki fara tambayar maigidanki ko kamfani zai biya, tunda su za su fara cin moriyar abin.

Kin kuma yi ƙorafi cewa taron safe a wurinku ya zama wurin titsiye, manaja ya tsaya yana tambayar kowa me ya sa bai gama ba, har ana shafe awa guda. Ba ku kaɗai ba ne. Shi kansa Ron Jeffries, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin can, ya yi rubutu a 2018 yana shawartar masu rubuta manhaja su rabu da irin Agile ɗin da kamfanoni ke ɗora musu daga sama, don ya ga an mayar da shi bulalar matsa wa ma'aikata. A littafin Scrum taron nan na masu aikin ne, minti 15 ne, kuma don su tsara yininsu aka yi shi. Ki buga shafin da ya faɗi haka, ki kai shi zaman ƙarshen zango inda aka ce kowa ya faɗi abin da za a gyara, ki nemi a gwada yin taron yadda aka rubuta shi na zango guda kawai a gani. Kafin ranar ki sami mutum biyu daga abokan aikinki da za su mara miki baya, kada ki tashi ke kaɗai.

To jama'a, agogo ya harare mu. Masu wasiƙu a kan tsutsar da ke cin masara da kuma maganar bashin taki, mun gani, suna nan a ajiye, da su za mu buɗe fili a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.